Darasi na 6: Yadda Ake Kafa Reshen Ƙungiyar Ƙwadago da Ƙarfafa Shi

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana son ɗalibi ya iya:

1. bambanta reshe da uwar ƙungiya, ya kuma faɗi aikin kowannensu;
2. bayyana abin da dokar Najeriya ta tanada game da shiga ƙungiya;
3. auna ƙarfin reshe sashe-sashe ta hanyar lissafi;
4. bin koken ma'aikaci a rubuce, daga farko har a warware shi;
5. duba kuɗin reshe da tambayar inda suka shiga;
6. faɗin matakan da ake bi kafin a kai ga yajin aiki.

1. Mene ne reshe?

Da an ce ƙungiyar ƙwadago, yawancin mutane shugabannin da suke gani a talabijin ne ke faɗo musu a rai, waɗanda ke ba gwamnati wa'adi a kan kuɗin fetur ko albashi. Waɗannan suna Abuja. Shi kuwa ma'aikacin da aka zaftare wa kuɗin kwana uku ba tare da bayani ba, ba Abuja zai nufa ba. Wanda zai nema shi ne abokin aikinsa da aka zaɓa a nan wurin, wanda ya san manaja, ya san mai biyan albashi, ya san abin da ya faru ranar. Wannan mutum da sauran waɗanda aka zaɓa tare da shi, da duk ma'aikatan da suka zaɓe su, su ne reshe.

> AKWATIN MA'ANA
> Ƙungiyar ƙwadago: haɗakar ma'aikata da aka yi wa rajista domin kare albashinsu da yanayin aikinsu.
> Reshe: 'yan ƙungiyar da ke aiki a wuri ɗaya, kamar masana'anta, asibiti ko ƙaramar hukuma, tare da shugabannin da suka zaɓa.
> Uwar ƙungiya: babbar ƙungiya ta ƙasa wadda rassa ke ƙarƙashinta.

Tsarin hawa-hawa ne. Reshe yana ƙasa, sai majalisar jiha, sai uwar ƙungiya ta ƙasa. Uwayen ƙungiyoyi kuma suna taruwa a ƙarƙashin NLC, wadda aka kafa a 1978, ko TUC, wadda ta samu rajista a 2005 kuma mafi yawan 'ya'yanta manyan ma'aikata ne. Malaman firamare da sakandare suna da NUT, wadda ta faro tun 1931. Ma'aikatan ƙananan hukumomi suna da NULGE. Ma'aikatan masaƙu da teloli suna da tasu ƙungiyar, wadda hedikwatarta ke Kaduna.

Ana cin nasara a sama, amma a ƙasa ake karɓarta. A 2024 aka sa hannu a dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, bayan ya kasance Naira 30,000 tun 2019, da Naira 18,000 tun 2011. Sa hannun bai sa kuɗin sun shiga aljihun kowa ba. Inda reshe ke da rai, an zauna da masu wurin an tsara yadda za a biya. Inda babu reshe, ko yana nan amma suna kawai, ma'aikata da yawa a rediyo suka ji labarin.

2. Abin da doka ta ce

Ba sai mai koyo ya haddace dokoki ba. Abubuwa kaɗan ne ya kamata kowane ɗan ƙungiya ya riƙe.

Sashe na 40 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane mutum 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago ko shiga wadda take akwai. Dokar Ƙwadago ta hana mai wurin aiki korar mutum don kawai ya shiga ƙungiya. Gyaran da aka yi wa Dokar Ƙungiyoyin Ƙwadago a 2005 ya ce shiga ƙungiya ganin dama ne: ba a tilasta wa kowa, ba a kuma musguna wa wanda ya ƙi shiga. Akwai waɗanda doka ta cire, kamar sojoji, 'yan sanda, jami'an kwastan da na shige da fice.

Kafa sabuwar ƙungiya na buƙatar sa hannun ma'aikata aƙalla 50, kuma ba a yi wa sabuwa rajista idan akwai wata da ke wakiltar ma'aikatan wannan fanni. Don haka ma'aikatan da ke son haɗa kai kada su ɓata lokaci wajen ƙirƙirar suna da buga hatimi. Su tambayi wace ƙungiya ce ta fanninsu, su je ofishinta na jiha. Jami'in uwar ƙungiya ne zai rubuta wa kamfani takarda, ya zo ya sa ido a zaɓen farko, ya rantsar da shugabanni.

Doka dai tana kan takarda. Ana korar masu yunƙurin kafa reshe, sai dai ba a rubuta hakan a takardar kora. Makara za a ce, ko raguwar aiki. Shi ya sa ake fara yunƙurin a tsanake, da mutum huɗu ko biyar da aka amince da su, a haɗu a wajen wurin aiki, kuma kowa ya kiyaye zuwa aiki a kan lokaci don kada ya ba da kafa. Ba a bayyana wa manaja sai an tara sunaye masu yawa kuma uwar ƙungiya ta san da maganar.

3. Ƙirga kanku tukuna

Wannan shi ne aikin da aka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi kowanne amfani. Ka tambayi shugaban reshe mutum nawa yake da su, sai ya ce, "Ai kowa namu ne." Ka nemi ya nuna maka sunayen, sai a fara kame-kame. Reshen da bai san adadin mutanensa ba, manaja ya fi shi sanin su, domin shi yana da takardar albashi a gabansa.

> AKWATIN MA'ANA
> Rajistar mambobi: littafin da ke ɗauke da sunan kowane ɗan ƙungiya, da sashensa, da lokacin aikinsa, da yadda za a same shi.
> Kason mambobi: adadin 'yan ƙungiya cikin kowane ma'aikata ɗari na wurin.

Misali na 1. A ce akwai wani kamfanin sarrafa shinkafa mai ma'aikata 200. Sakataren reshe ya zauna ya ƙirga, ga abin da ya samu:

- Sashen injuna: ma'aikata 60, 'yan ƙungiya 51
- Sashen zuba buhu da ɗinki: ma'aikata 50, 'yan ƙungiya 20
- Masu lodi: ma'aikata 60, 'yan ƙungiya 15
- Ofis da gadi: ma'aikata 30, 'yan ƙungiya 24

Jimillar 'yan ƙungiya: 51 + 20 + 15 + 24 = 110. Don samun kaso, a raba 110 da 200, a ninka da 100. Amsa ita ce kashi 55 cikin ɗari.

Kashi 55 ya haura rabi, kuma wanda ya tsaya a nan zai ce alhamdu lillahi. Amma a duba sashe-sashe. Injuna kashi 85 ne. Zuba buhu kashi 40. Lodi kashi 25 kacal. Idan rikici ya taso, kamfani zai ci gaba da fitar da kayan da ke sito, tun da masu ɗora su a mota ba sa cikin tafiyar. Sai sakatare ya sake tambaya: me ya hana su shiga? A sashen zuba buhu mata ne suka fi yawa, kuma ana kiran taro bayan Magariba, lokacin da suke gida wajen girki da yara. Masu lodi kuwa 'yan kwantiragi ne, ta hannun wani ɗan kwangila ake biyansu, kuma ba wanda ya taɓa yi musu tayi. Wasunsu ma sun ɗauka ƙungiya ta masu takardar ɗaukar aiki ce kawai.

Lissafin ya nuna wa reshe aikinsa na wata shida masu zuwa: a sauya lokacin taro, a kuma je wajen masu lodi.

4. Wakilin sashe

Shugaba ɗaya ba zai iya sanin damuwar mutum 200 ba. Saboda haka kowane sashe, da kowane rukunin aiki, na rana da na dare, yana buƙatar wakilinsa. Abin da ya fi dacewa shi ne wakili ɗaya ya riƙe mutanen da zai iya zagayawa ya gaisa da su duka a rana guda.

> AKWATIN MA'ANA
> Wakilin sashe: ma'aikacin da abokan aikinsa suka zaɓa ya riƙa kai kokensu ga reshe, ya kuma kawo musu labarin abin da ake ciki.

Wa ya kamata a zaɓa? Sau da yawa mai yawan magana a taro ake ɗauka, kuma kuskure ne. A nemi wanda mutane ke zuwa wurinsa tun kafin a yi maganar ƙungiya: wanda ake ba ajiyar adashi, wadda ake tambaya idan inji ya ƙi, wanda in ya ce a tsaya ake tsayawa. Irin wannan mutum yakan zama ƙwararre a aikinsa, don haka shi ma manaja yana jin nauyinsa.

Jawo sabon mamba kuwa da saurare ake yi.

Misali na 2. Wakili ya sami wani dattijo cikin masu lodi yana hutawa a gindin mota.

"Baba, sannu da aiki. Yaya ƙarfin jiki?"

"Da godiya, yaro. Bayan nan ne dai ya matsa mini."

"Allah ya sawwaƙe. Da ka ji ciwon, an kai ka asibiti?"

"Wa zai kai ni? Ranar da ban fito ba ma, ba a biya ni ba."

"Su nawa ne a cikinku abin ya taɓa samu haka?"

"Kai, ai ba sa ƙirguwa."

"To Baba, in na dawo jibi bayan La'asar, za ka tara mini uku ko huɗu daga cikinsu mu zauna? Ba na yi maka alkawarin komai ba, amma ina son mu rubuta abin da ya samu kowa."

A lura da abin da wakilin bai yi ba. Bai kawo tarihin ƙungiya ba, bai zagi kamfani ba, bai miƙa fom ba. Ya tambaya, ya ji, ya nemi dattijon ya yi wani ɗan abu da kansa. Fom zai biyo baya.

Akwai abin da ba a son faɗa a fili amma dole a faɗa. A wuraren aiki da yawa, musamman a garuruwa irin Kaduna, Jos da Kano, ma'aikata sun fito daga ƙabilu da addinai daban-daban. Idan shugabannin reshe duka 'yan gari ɗaya ne, ko masallaci ɗaya, ko coci ɗaya, sauran za su ja baya ko da ba su ce uffan ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mai son karya reshe ta nan yake fara lalube. A duba jerin 'yan takara tun kafin zaɓe: akwai mata? Akwai masu aikin dare? Akwai waɗanda ba Hausa ce harshensu na farko ba? Idan ana buƙatar tafinta a taro, a sa.

5. Taro

Taron reshe ya kasance yana da rana sananniya, kamar Asabar ta farkon kowane wata, ya fara a kan lokaci, kada ya wuce awa ɗaya sai da dalili. Sakatare ya karanta abin da aka yanke a taron baya, a ji wanda aka ɗora wa aiki ko ya yi. Ma'aji ya faɗi kuɗi. Sannan a ɗauki magana ɗaya ko biyu, a yanke shawara, a rubuta sunan wanda zai aiwatar da ranar da zai kawo bayani.

Zauren WhatsApp yana da amfani wajen sanarwa, amma ba ya maye gurbin taro. Ba kowa ke da babbar waya ba, kuma duk abin da aka rubuta a can, a ɗauka manaja zai karanta shi kafin gari ya waye.

6. Kuɗin ƙungiya

> AKWATIN MA'ANA
> Kuɗin ƙungiya: abin da kowane mamba ke biya duk wata.
> Cirewa daga tushe: tsarin da mai wurin aiki ke cire kuɗin ƙungiya daga albashi ya aika wa uwar ƙungiya kai tsaye.
> Kason reshe: abin da uwar ƙungiya ke mayar wa reshe bisa tsarin mulkinta.

Kowace ƙungiya da abin da tsarin mulkinta ya ƙayyade, don haka lambobin da ke ƙasa na koyon lissafi ne kawai.

Misali na 3. A ce kowane mamba a kamfanin shinkafar nan yana karɓar Naira 70,000, kuma kuɗin ƙungiya kashi 2 cikin ɗari ne. Kowa zai biya Naira 1,400. Mambobi 110 za su tara 110 × 1,400 = Naira 154,000 a wata. Idan kason reshe kashi 20 ne, reshe zai samu Naira 30,800. In aka jawo ƙarin mutum 60 daga lodi da zuba buhu, mambobi sun zama 170, abin da ake tarawa ya koma Naira 238,000, kason reshe kuma Naira 47,600.

Cirewa daga tushe ya sauƙaƙa wa ƙungiyoyi, amma yana da illar da ba a cika lura da ita ba. A da, sai wakili ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya ya karɓi kuɗi, kuma duk wanda zai ba shi sai ya faɗa masa abin da ke ransa. Yanzu kuɗi na shigowa ko shugabanni sun gaisa da mutane ko ba su gaisa ba. Akwai ma'aikatan da alaƙarsu da ƙungiya ba ta wuce layi ɗaya a takardar albashi ba. Reshen da ke son ya rayu sai ya ɗora wa kansa wannan zagayen da tsarin ya ɗauke masa.

Ba abin da ke kashe reshe da sauri kamar zargin cin kuɗi, kuma ba sai an ci ba. Rashin bayani ma ya isa. Maganinsa ba wuya. A buɗe asusun banki da sunan reshe, ba da sunan ma'aji ba. Kada kuɗi su fita sai da sa hannun mutum biyu. Kowane kashewa ya zo da rasit, ko da na ruwan leda ne da aka sha a taro. A zaɓi masu binciken kuɗi biyu waɗanda ba sa cikin shugabanni. A liƙa lissafin wata uku-uku a allon sanarwa inda kowa zai gani. Mamban da ya tashi a taro ya ce, "Kwamared Ma'aji, ina rasit ɗin motar da aka ɗauka zuwa ofishin jiha?" bai yi rashin kunya ba. Haƙƙinsa ne, kuma ma'aji na gari ya fi kowa son a yi masa wannan tambaya a gaban jama'a.

7. Bin koke

A nan ne mutane ke yanke wa reshe hukunci. Ma'aikaci ba ya tuna jawabin ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu, amma ba ya manta wanda ya tsaya masa ranar da aka ba shi takardar tuhuma.

> AKWATIN MA'ANA
> Koke: ƙorafin ma'aikaci cewa an saɓa wa doka, ko yarjejeniya, ko ƙa'idar wurin aiki a kansa.
> Yarjejeniyar bai ɗaya: takardar da ƙungiya da masu wurin aiki suka sa wa hannu a kan albashi da sharuɗɗan aiki.

Da an kawo koke, wakili ya buɗe littafi ya rubuta amsar tambayoyi biyar: Wa abin ya shafa? Me ya faru? Yaushe, kuma a ina? Wace ƙa'ida aka karya? Me mai koken yake so a yi masa? Tambaya ta huɗu ce ke raba koke da ɓacin rai. "Shugaban sashe ba ya gaishe ni" ɓacin rai ne. "Na shekara ina aiki ba a ba ni takardar sharuɗɗan aiki ba" koke ne, domin Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci wannan takarda kafin ya wuce wata uku da fara aiki. Haka ma hutun shekara, wanda dokar ta ce aƙalla kwanakin aiki 6 ne ga wanda ya cika wata 12, da hutun haihuwa na mako 12.

Misali na 4. Wata ma'aikaciya a sashen zuba buhu ta lura ana cire mata kuɗin fansho duk wata, amma saƙon shigar kuɗi ya daina zuwa wayarta. Dokar Fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da aƙalla kashi 8 cikin ɗari, mai wurin aiki ya ƙara kashi 10. Idan albashin da ake lissafi a kansa Naira 70,000 ne, nata kason Naira 5,600 ne, na kamfani Naira 7,000, jimilla Naira 12,600 duk wata. A wata 5 kuɗin sun kai Naira 63,000.

Wakiliyar sashe ba ta ruga ofishin manaja ba. Ta ce wa mai koken ta karɓo bayanin asusunta daga kamfanin fanshonta, ta haɗa da takardun albashinta na watannin. Sannan ta tambayi sauran 'yan sashe, sai ga mutum 18 da irin wannan matsala. Koken mutum ɗaya ya zama na jama'a. Sakatare ya rubuta wasiƙa mai kwanan wata, ya ajiye kwafi da hatimin karɓa. Ranar zama, mutum uku suka shiga: shugaba, sakatare da wakiliyar.

"Ranka ya daɗe," in ji shugaba, "ba faɗa ya kawo mu ba. Ga takardun mutum 19. An cire, ba a tura ba. Muna son mu ji ranar da za a tura, kuma a rubuta mana."

Manaja ya ce zai duba. Sakatare ya ce, "To Yallaɓai, mu sa ranar da za mu dawo." Aka sa mako biyu, aka rubuta, kowa ya sa hannu. A ranar suka koma suka gaya wa mutanen 19 yadda aka yi, duk da ba a biya ba tukuna.

Ƙa'idoji biyu ke cikin wannan misali. Ta farko, shugaban reshe ba ya shiga ofishin manaja shi kaɗai a kan maganar ƙungiya, komai gaskiyarsa. Zai iya fitowa da hannu tsarkakakke, amma ba shi da shaida, kuma daga ranar za a fara cewa an saye shi. Ta biyu, a riƙa mayar da bayani ko da babu labari mai daɗi. Shirun shugabanni ne ke haifar da jita-jita.

Wani lokaci kuma mai koken ne ba shi da gaskiya. Wanda ya yi fashin aiki kwana huɗu ba uzuri, aikin wakili shi ne ya tabbatar an saurare shi kuma hukuncin bai wuce ƙa'ida ba. Ba aikinsa ba ne ya rantse cewa mutumin ya zo. Reshen da ke kare ƙarya yau, gobe in ya zo da gaskiya ba za a saurare shi ba.

8. Yajin aiki

Tarihin ƙwadago a Najeriya cike yake da yajin aiki. A 1945 ma'aikata, da na jirgin ƙasa a sahun gaba ƙarƙashin Michael Imoudu, sun yi fiye da kwana 40 suna yaji don neman ƙarin kuɗin tsadar rayuwa. A ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe masu haƙar kwal 21 a Iva Valley da ke Enugu. Saboda irin wannan tarihi, sabbin shugabanni kan ɗauka cewa ba su zama 'yan ƙwadago ba sai sun rufe ƙofar kamfani.

Doka ta shimfiɗa matakai. Ana farawa da hanyar sasantawa da ke cikin yarjejeniyar wurin. In ta ƙi, a nemi mai shiga tsakani. In ta ƙi, a kai rahoto Ma'aikatar Ƙwadago, wadda za ta iya naɗa mai sulhu ko ta tura maganar kwamitin sasanta rikicin ma'aikata, daga nan kuma sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Gyaran 2005 ya ƙara da cewa sai an kaɗa ƙuri'a, mafi yawan mambobin da ke rajista sun amince, kafin a tafi yaji, kuma ya hana yaji ga masu ayyukan da jama'a ba za su iya rayuwa ba sai da su. Doka ta kuma ba mai wurin aiki damar ƙin biyan albashin kwanakin yaji. Reshe ba ya kiran yaji ba da sanin uwar ƙungiya ba.

Kafin a kai nan akwai abubuwa da yawa da ke nuna ƙarfi ba tare da an rasa albashin kwana ɗaya ba: takardar koke da mutum 170 suka sa wa hannu, ko kowa ya ɗaura ƙyalle iri ɗaya a hannu ranar zama da manaja, ko a ƙi aikin ƙarin lokaci na ganin dama. Waɗannan kuma gwaji ne ga reshen kansa. In an ce a sa hannu mutum 40 kawai suka sa, an san ba a shirya ba, sai a koma Misali na 1.

Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ga wani abu da ya wuce yaji. Masaƙar KTL da aka buɗe a Kaduna a 1957 ta tsaya, wasu manyan masaƙu na Kaduna da Kano suka bi ta, dubban mambobi suka rasa aiki. Ƙungiyar, wadda Adams Oshiomhole ya yi wa babban sakatare kafin ya shugabanci NLC daga 1999 zuwa 2007, ta juya ga teloli masu zaman kansu tana shigar da su. Telan kasuwa ba shi da manajan da zai yi wa yaji. Damuwarsa haraji barkatai ce, da wutar lantarki, da wurin sana'a. Amma aikin reshensa bai sauya ba: rajistar mambobi, wakili a kowane layi, taro mai rana, lissafi a fili, da littafin koke.

Tambayoyin bita

1. Mene ne bambancin reshe da uwar ƙungiya? Kawo aiki ɗaya na kowannensu.
2. Wane sashe na Tsarin Mulkin 1999 ne ya ba da 'yancin shiga ƙungiya? Me gyaran 2005 ya ce game da wanda ba ya son shiga?
3. Me ya sa ake shawartar ma'aikata su nemi ƙungiyar fanninsu maimakon kafa sabuwa?
4. Wani asibiti yana da ma'aikata 150 da suka cancanci shiga wata ƙungiya, 90 daga ciki mambobi ne. Nawa ne kason mambobi? Idan masu aikin dare 40 ne kuma 10 kawai suka shiga, nawa ne kasonsu, kuma me za ka ba reshen shawara ya yi?
5. A Misali na 2, faɗi abubuwa biyu da wakilin ya yi, da biyu da ya guje wa.
6. Mambobi 80 suna biyan Naira 1,500 kowannensu a wata, kason reshe kuma kashi 25 cikin ɗari ne. Nawa reshe zai samu a wata? Nawa a shekara?
7. Wace illa cirewa daga tushe ke iya yi wa reshe, kuma yaya za a magance ta?
8. Rubuta tambayoyi biyar da wakili ke yi idan an kawo masa koke. Wace ce ke raba koke da ɓacin rai?
9. Me ya sa shugaban reshe ba ya ganawa da manaja shi kaɗai?
10. Jera matakan da ake bi kafin yajin aiki.
11. Aikin rukuni: ku kasu uku-uku. Ɗaya ya zama ma'aikacin da ba a biya kuɗin ƙarin lokaci ba, ɗaya wakilin sashe, ɗaya manaja. Ku gwada zaman, sannan wakilin ya karanta wa aji abin da ya rubuta a littafin koke.